Ɗanki Ya Zama Mai Kiwon Tsaka

Inna,

Gaisuwa mai yawa daga Doha. Yaya ƙafar taki, da sauƙi? Yaya Baba da su Hajara? Ni lafiya ƙalau.

Inna, kada ki yi salati: tsaka nake kiwo. Maigidan da nake yi wa tuƙi ya tafi hutu da iyalinsa, 'yarsa ta bar mini tsakarta mai ɗigo-ɗigo kamar damisa a akwatin gilashi. Ya ce in ya dawo ya tarar da ita lafiya, zan zo gida da Sallah.

Da farko ta ƙi cin abinci har jelarta ta rame. Ashe matattun ƙwarin da nake ba ta ne ba ta so. Mai shagon dabbobi ya ce sai gyare mai rai wanda ya ƙoshi da karas, a barbaɗa masa farin garin ƙarfafa ƙashi. Na zuba su a leda na girgiza, yadda kike yi wa fara da yaji. Jiya ta cafke su ba wasa.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a, ni da ita. Na san da takalmi kike bin 'yan uwanta, amma wannan ce za ta kawo miki ni.

Ɗanki,
Sani