Baitocin Baba Ta Waya

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Damina biyu ke nan rabona da gida Nguru, ina koyarwa a nan Zuru. Yau ma darasin kari da amsa-amo. Ina bugun tebur, doguwar gaɓa, gajeriya, yara sun zuba mini ido. Ba laifinsu ba ne. Yarensu C'lela suka sha a nono, ni kuma ina auna musu Hausa da ma'aunin Larabawa.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Ƙanena Zainulabidin ya kira. Baba ya fara rikicewa. Waƙarsa ta masunta, baiti arba'in, a kansa kawai take, ba a taɓa rubuta ta ba. Shugaban makaranta ya ce babu tafiya sai bayan jarrabawa. Da gaskiyarsa, ni kaɗai ne malamin Hausa. Zainu zai riƙa kara wa Baba waya a kunne bayan la'asar, ni in rubuta.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Baiti shida. Muryar na nan. Masunci ne ke ba da labarin da bakinsa, har sanyin ruwan kake ji, alhali Baba tela ne, bai taɓa shiga kwalekwale ba.

Asabar, 19 ga Oktoba
A baiti na sha ɗaya bakina ya riga ni. "Baba, karin ya karye, gaɓa ɗaya ta yi yawa." Sai ya ce, "To malam, sai ka gyara mana." Ya miƙa wa Zainu wayar.
Karin kuwa ya karye. Ban yi ƙarya ba. To sai me?

Talata, 22 ga Oktoba
Baba ya ƙi karɓar waya.

Juma'a, 1 ga Nuwamba
Na gaya wa Malam Kefas mai lissafi a ɗakin malamai. Ya ajiye kofinsa. "Haba Malam! Tsohonka yana maka waƙa, kai kana ba shi maki?" Na ji haushinsa har na fasa cin abinci. Daidai ya faɗa.

Talata, 12 ga Nuwamba
Baba ya karɓi waya. Ya tambaya ko ni ne mai kawo masa zare. Na rera masa baitin farko, ya ce, "Waƙar wa ce wannan? Ta yi daɗi."
A aji Joyce ta karanta nata baitin, amsa-amon ya kauce tun daga ɗango na biyu. Ban tare ta ba har ta kai ƙarshe. Gajiya ce, ina ji.
Abin da na tsirar a Zuru: baiti goma cikakku, ɗaya karyayye. Ashirin da tara babu.