Ba Za a Rufe Shagon Baba Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawar da ta dace da babban wa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya raba ka da ciwon bayan nan da Anti ta ce yana hana ka daɗewa a kujera, ya sa albarka a abin da kake nema, ya tsare mana ku a inda kuke. Mu nan lafiya ƙalau, sai godiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene shanya duk da likita ya hana ta, in ka yi magana ta ce likitan ba shi zai wanke mata kaya ba. Auta ta gama jarrabawa, tana gida tana cinye mana abinci da data. Hannun Baba kuma ya warke, an cire zaren ɗinkin, sai ɗan tabo a gindin babban yatsa wanda yake nuna wa duk wanda ya shigo shago ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

To Yaya, wasiƙar da ka aiko wa Baba ta iso. Ya karanta ta sau biyu a tsaye, ya ninke ya sa a aljihu, ranar kuma bai ci abin kirki ba. Umma ce ta zaro ta lokacin wanki ta ba ni. Na ga ka ce a rufe shagon tabarau, a ba masu sayen tsohon ƙarfe injin, Baba ya zauna gida ya huta tunda har ya fara ji wa kansa ciwo, ni kuma in daina ɓata ƙuruciyata a kan wasan kwamfuta da ba a biyana. Na san tsoro ne ya sa ka rubuta, kuma na san ƙauna ce. Amma da dukkan ladabi nake gaya maka, ba za a rufe shagon nan ba. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, don labarin da Umma ta ba ka a waya guntu ne, kuma gundarinsa ta bari.

Ka san injin da Baba yake yanka gilashi da shi ya daidaita da firam. Abin da wataƙila ba ka taɓa lura da shi ba, injin nan ba ya motsi da kansa. Kwamfutar nan mai launin ƙasa da ke ƙarƙashin tebur, wadda Baba ke kira Tsohuwa, ita ce ke gaya masa inda zai ci da inda zai tsaya. Ta girmi Auta da shekara shida. Kamfanin da ya ƙera su ya rufe tuntuni, ba wanda ya bar adireshi. Manhajar da ke tuƙa injin ba ta aiki a kan wata kwamfuta sai irin Tsohuwa, domin ta wani kati da ke cikinta take magana da injin, katin kuma an daina yin irinsa. Shekara biyu ke nan Tsohuwa tana ciwo. Da safe sai an kunna ta sau uku, Baba ya ɗan mari gefenta yana lallashi, sannan fankarta ta tashi da ƙara. Kowa a gidan nan ya san ranar da ta ƙi tashi, injin ya zama tarin ƙarfe, Baba kuma ya zama mai zaman tsakar gida.

Abin da kake kira wasa kuwa, ga shi. Akwai wata manhaja da ake kira ta kwaikwayo. Aikinta ta sa sabuwar kwamfuta ta yi shigar tsohuwa, gaɓa da gaɓa, har tsohuwar manhaja ta shiga ciki ta zaci tana gidanta. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke gina ta tare, a buɗe, kowa na iya karanta rubutunta, ya gyara, ya ɗauka kyauta, kuma an tsara ta ta yi aiki a kan kowace irin kwamfuta, ko wane tsari ke tuƙa ta. Sun riga sun kwaikwayi ƙwaƙwalwar irin su Tsohuwa da fuskarsu da madanninsu. Katinmu ne kawai babu, don ba wanda ya taɓa jin sunansa. Wata takwas da suka wuce na shiga cikinsu na ce ni zan yi. Kullum in na tashi daga ofis sai in biya shago, in zauna a kan bencin masu jira da laftof a cinya, Baba na aikinsa ina nawa, ƙurar gilashi na sauka a kan mayafina.

Yanzu ga maganar ciwon, kuma ina so ka ji ta daga bakina. Ni na ji wa Baba ciwo. Ba tsufa ba ne, ba rawar hannu ba ce, hannunsa ya fi nawa tsayuwa. Na samo hoton littafin bayanin katin nan a intanet, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa da an ba kati umarni yake amsawa nan take. Amma da na lura da Tsohuwa, sai na ga duk lokacin da dutsen injin, wanda ke cin gilashin, zai juya baya, katinta kan yi ɗan jinkiri kafin ya amsa. Na ce a raina ai wannan gajiyar tsufa ce. Da na rubuta nawa katin na kwaikwayo, sai na cire jinkirin, har ina jin daɗin na gyara abin da masu ƙira suka kasa. Ranar gwaji muka fara kunna injin babu gilashi. Baba ya karkata kai ya saurara, ya ce a dakata, wannan ba ta numfashi, Tsohuwa kan ja numfashi kafin ta juya. Yaya, dariya na yi masa. Na tsaya ina yi masa bayanin littafi, ni mai digiri. Ya dube ni ya ce to bismillah, ya ɗaura gilashi. Dutsen ya juya tun bai gama tsayawa ba, gilashin ya tarwatse, wani yanki ya shige hannunsa. Jini ya malala a kan farin tebur.

A hanyar asibiti ina kuka ina ba shi haƙuri, shi kuwa abin da ya dame shi daban. Ya ce in share hawaye in gaya masa ko numfashin nan ana iya mayar da shi. Sauri ya haifi nawa, in ji masu magana, ni nawa saurin ɗinki huɗu ya haifa. Ashe waɗanda suka rubuta manhajar tun farko da katin gaske suka yi aiki, ba da littafi ba. Sun saba da jinkirinsa, a kansa suka dogara dutsen ya samu tsayawa. Abin da na ɗauka aibi ne, shi ne birkin injin. Ranar na koyi abin da ya kamata in sani tun farko, cewa mai kwaikwayo ba ya gyara, yana bin abu ne yadda yake, har da ɗingishinsa.

Da hannun a naɗe Baba ya koma shago, yana buga min tsawon numfashin da yatsa a kan tebur, ya ce kunnensa ya shekara ashirin da biyar yana jin sa. Maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya ara mana na'urar awo, muka manna wayoyinta a jikin katin Tsohuwa, muka auna sau da dama. Awon na'ura da bugun yatsan Baba kusan ɗaya suka zo, mai gyaran rediyo ya riƙe baki. Na mayar da jinkirin, na aika aikina ga ƙungiyar. Akwai wani dattijo a cikinsu da ke tace duk abin da za a shigar, ban taɓa ganin fuskarsa ba, Alƙali nake kiransa a gida. Ya mayar min da aikin, ya ce ba za su shigar da kuskure da gangan ba alhali littafi ya ce babu. Na sake aikawa da sakamakon awon, ya ce wataƙila katinmu ne kaɗai ya lalace. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rubuta masa a gaban kowa cewa ni ma na taɓa gaskata littafin nan, ga hoton hannun mahaifina, in yana da wata hujja da ta fi wannan ya kawo.

Kwana tara suka wuce. Sai ga saƙo daga wata mata a wata ƙasa mai nisa, masaƙiya, wadda injin saƙarta ke amfani da irin katinmu. Ɗanta ya ga gardamarmu ya nuna mata. Suka auna nasu, suka aiko, jinkirin iri ɗaya sak. Alƙali ya rubuta layi biyu, ya ce ya yi kuskure, ya shigar da aikin, ya kuma sa bayani a jikinsa kada wani mai wayo ya zo gobe ya cire. Wallahi mutumin ya burge ni, duk da har yanzu ina jin haushinsa kaɗan.

Wannan ya kawo ni ga ɗaya maganar taka, cewa in har abin ya yi aiki in ɓoye shi in riƙa sayar wa masu shagon tabarau. Yaya, da na ɓoye, ta ina masaƙiyar nan za ta gan ni? Kuma me ya jefa mu cikin wannan wahala tun farko, in ba kamfanin da ya kulle iliminsa ya mutu da makullin a aljihu ba? Ba zan yi wa wani abin da aka yi wa ubana ba. Yau in na faɗi na mutu, ko aiki ya kai ni wani gari, rubutun yana nan a fili, duk mai ilimin abin zai iya gyara wa Baba. Kai da kanka ka biya min kuɗin makaranta, ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Amma ba ka biya don in zama mai rowar abin da na sani ba.

Abin da ba ka sani ba, don ya faru ne bayan ka rubuto, Tsohuwa ta mutu. Ranar Laraba ta makon jiya Baba ya kunna ta da safe, ta yi ƙauri, shi ke nan. Ya kira ni a ofis da wata murya da ban taɓa jin sa da ita ba, ya ce in zo in na samu dama, ba gaggawa. Na nemi izini na fito. Laftof ɗina na wurin gyara, sai na biya gida na ƙwace tsohuwar kwamfutar Auta tana ƙunƙuni, wadda tsarinta ma ba irin nawa ba ne. Na sauke manhajar kwaikwayon, na saka kwafin tsohuwar manhajar injin da na ajiye a cikinta, na haɗa wayar injin. Na tarar da mutum uku a kan benci suna jiran tabarau, har da wata tela da ta ce kwana biyar ba ta iya zura zare a allura. Muka kunna babu gilashi. Baba ya rufe ido ya karkata kai. Dutsen ya tafi, ya tsaya, ya ja numfashi, ya juya. Sai ya miƙa hannu ya ɗauko gilashin telar ya ɗaura. Ni ce na kasa kallo, na fita waje na tsaya wajen mai gyaran rediyo har sai da na ji matar tana yi wa Baba addu'a. Daga ranar zuwa yau injin bai fasa ko ɗaya ba.

Ba na cewa tsoronka banza ne. Na sa an yi wa injin murfi na roba mai kauri, ba ya tashi sai an rufe. Na sa Baba ya riƙa sa gilashin kare ido, yana mita yana sawa. Mun yi da shi ƙarfe huɗu ya rufe shago. Waɗannan duk na yarda. Amma kai kana ganin Baba minti goma a waya ranar hutu, ni ina ganinsa kullum. Na ga yadda ya zama a kwana huɗun da aka tilasta masa zaman gida saboda hannun. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya yi faɗa da Umma a kan gishiri, ran na huɗu na same shi zaune yana kallon bango da rana tsaka. A shago kuwa mutane na shigowa suna lalube su fita suna karanta allon da ke tsallaken titi, shi kuma yana tsaye bakin ƙofa yana kallonsu. In ka raba shi da wannan, ba hutu ka ba shi ba. Ka yi fushi da ni in ka ga dama, ka kira ni mai taurin kai kamar yadda ka saba, zan ɗauka. Makullin shagon dai yana aljihun mai shi, kuma ni ba zan taya kowa karɓarsa ba.

Ka gaishe min da Anti da kyau, ka ce mata man zafin da ta aiko wa Umma ya yi amfani. Ka shafa min kan Ƙaramin Baba da 'Yar Lele, ka ce ina jiran hoton zanen da suka yi min alkawari. Umma na gaishe ku, ta ce ka rage zaman kujera. Gwaggo da Kawu suna gaisuwa. Auta na gaisuwa, ta ce a gaya maka an ƙwace mata kwamfuta ba a biya ta diyya ba, wai ko za ka duba lamarin.

A cikin ƙunshin nan za ka ga ɗan akwati baƙi. Tabarau ne, naka. Baba ya ce ya lura duk lokacin da kuke wayar bidiyo kana miƙa takarda can nesa da fuskarka kafin ka karanta, kana yi kamar ba komai. Ya buɗe littafinsa ya nemo awon idonka na da, ya ƙara abin da shekaru ke ƙarawa, ya zaɓi firam da kansa, ya yanka a kan sabon tsarin da hannun nan mai tabo. Ya ce in gaya maka ka sa shi ka zauna wuri mai haske. In ka ga bai yi maka daidai ba, ka aiko, shi da kansa zai rufe shagon ranar. In kuwa ya yi, to ya ce ka ɗauko kwafin wasiƙar da ka rubuta masa ka sake karanta ta da shi, a hankali.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa,
Mai taurin kan gidanku