Surukina ya ce ba ni da ƙasa

Malam Nuraddeen, don Allah ka taimake ni da shawara tun ban aikata abin da zan zo ina da-na-sani ba. Ina rubuta maka wannan ne raina a ɓace, idan ka ga maganata tana hawa kan juna ka yi haƙuri.

Ni makaɗin jita ne. Mutumin Damasak ne ni, rikici ya ƙetaro da mu kogi zuwa Diffa shekarun baya. Abin da na iya fitowa da shi daga gida, ban da kayan jikina, jitata ce da ampli ɗinta, wato akwatin ƙara mata murya. A nan na haɗu da Kalli, mawaƙi ne mai ƙungiyar kiɗan biki. Ya ji hannuna, ya ɗauke ni, daga baya ma na auri ƙanwarsa Kaltum, kuma har yau a sashe ɗaya na gidansu muke zaune da ƴaƴanmu. Ba na musun alherinsa, kada ka ce ni butulu ne.

Matsalar ta faro ne daga ampli. Tun da na zo garin nan yake wani irin ƙugi, zuuu, kamar an rufe ƙudan zuma a cikin tulu. A gida ba ya yi. Da na zo na tarar ramukan soket na nan biyu ne masu zagaye, fulogina kuwa irin na Najeriya ne mai ƙafa uku, sai na yanke shi na sa irin na nan. Waya ɗaya ta rage, mai kore da rawaya, babu inda za ta shiga, na naɗe ta da salatif. Aiki ya yi kyau, wuta tana shiga, sai dai ƙugin nan. In muka je ƙauyukan bakin kogi lokacin da manoman tattasai ke bukukuwansu, aka tayar da janareta, abin sai ya ninka. Na canza tsirkiya, na canza waya, na kai an hure masa ƙura, duk a banza. Shi kuwa Ya Kalli kullum sai ya tsaya a kaina yana zuba mini Faransanci, ter, ter, kamar ya manta ni ban yi lakwal ɗinsu ba, wato makarantar bokon nan. Ni kuma ban taɓa tambayarsa ba, don na tsani a mayar da ni ɗan koyo a kan kayan da na fi kowa sani.

Ranar Asabar da ta wuce muna wasa a wani biki bayan la'asar, fili ya cika, mata sun yi da'ira. Jitata tana hannun Ya Kalli, ya karɓa zai nuna wa ango shi ma ya iya. Ya kai baki kan makirufo, sai wuta ta fizge shi a leɓe. Ya yi tsalle baya. Maimakon ya sauke murya, sai ya juyo ya nuna ni da yatsa, makirufo a buɗe, ya ce wai ya sha faɗa, matsalar mutumin nan ita ce ba shi da ƙasa. Malam, fili ya ɗauki dariya. Har wani ya maimaita daga baya, wai ba shi da ƙasa!

Ni za a gaya wa haka? A gaban mutane, a lasifika? Ni da na bar kabarin mahaifina a can, na sha layin rajista a rana, na haƙura da kallon da ake yi mana a kasuwa? Na ɗauka a gidan Kalli kaɗai ne ba za a taɓa tuna mini ba. Ashe yana nan a cikinsa duk shekarun nan, wuta ce kawai ta fito da shi. Na zare wayata a take, na karɓe jitata, na ɗora ampli a ka, na bar musu filin.

Tun ranar ban ce masa uffan ba. Ya aiko Kaltum wai in zo mu yi magana, na ƙi. Ita kuka take, tana cewa ban fahimce shi ba. Me ya rage ban fahimta ba, da Hausa ya faɗa. Na gaya mata ta fara haɗa kaya, gara in kwashe ƴaƴana mu koma sansanin ƴan gudun hijira na Sayam Forage, inda kowa irina ne, da in zauna a inuwar wanda yake mini gori. Ta ce ita ba ta ga wurin zuwa ba. To in ta ƙi, ni zan tafi ni kaɗai.

Ka gaya mini gaskiya, in tafi ko kuwa? Kuma in ka san maganin ƙugin nan ka haɗa mini da shi, don duk inda na je da shi zan ci abinci.

Makaɗi mai ɓacin rai, Diffa

Ɗan'uwa, ka sauke kayan nan tukuna, ka saurare ni. Na yi shekaru ina aiki da na'urori a gidan rediyo kafin in kama wannan fili, kuma tun ina tsakiyar wasiƙarka na gane abin da ya faru.

Kalmar da Kalli yake ta maimaita maka, ter, da Faransanci ƙasa take nufi, ƙasar da ake takawa. Haka masu gyaran wuta na nan suke kiran waya ta uku, mai kore da rawaya, wadda ka naɗe da salatif. Aikinta shi ne ta kwashe wutar da ta ɓace hanya ta zubar da ita cikin ƙasa. In babu ita, wutar tana yawo a jikin ampli da tsirkiyar jita, ta yi ƙugi, ta jira wanda zai taɓa ƙarfe. Ranar nan da zafin ciwo ya kama surukinka, ya fassara maka kalmar da Hausa, ita ce ta fito haka.

Ban wanke shi ba. Mutumin da ya san tarihinka bai kamata ya nuna ka da yatsa a lasifika ba, kuma da ya ji irin dariyar da aka yi, wajibinsa ne ya gyara maganar nan take. Wanda ya maimaita daga baya kuwa ya san abin da yake yi, Allah ya shirye shi. Zafin da ka ji gaskiya ne. Amma kai ma ina da faɗa da kai. Shekara da shekaru mutum yana gaya maka abu, girman kai ya hana ka tambaya, har kayanka suka kusa hallaka shi. Wutar da ta fizgi leɓe tana iya tsayar da zuciya, kuma kai ne kake rungume da jitar nan kullum.

Kada ka sake kunna ampli ɗin sai mai gyaran wuta ya sa masa fulogi mai ɗaukar waya ta uku, ya kuma tabbatar soket ɗin da doguwar wayar da kuke ja duk suna da ita. In a janareta ne, ya haɗa jikin janaretan da sandar ƙarfe da aka kafa sosai a ƙasa. Yashin nan namu busasshe ne, sai an jiƙa gindin sandar da ruwa. Kada ka haɗa ampli a layi ɗaya da firji ko tarin cajar waya. Idan bayan haka akwai sauran ƙugi, ka rage muryar jitar gaba ɗaya: in ya ɗauke, ka duba jitar da wayarta, ka kuma ɗan matsa nesa da ampli, in bai ɗauke ba, ampli ɗin ne yake son gyara.

Batun tafiya kuwa, a'a. Ba a raba uba da ƴaƴansa a kan kalmar da ba a tambayi mai ita ma'anarta ba. Ka je wurin Kalli da ƙafarka, kada ka sa Kaltum a tsakani. Ka gaya masa yadda maganar ta sauka a kunnenka, da irin zafin da ka rubuto mini, ka dubi fuskarsa. In ya nuna da gangan ya yi, ka sake rubuto mini. Ni dai ina zaton kunya ce za ta rufe shi, kuma ka nemi ya gyara maganar a lasifika a biki na gaba, tunda a can ya ɓata ta.

Sandar nan a ƙasar Diffa za ku kafa ta, kuma za ta karɓi wutar ampli ɗinka ba tare da ta tambayi daga inda ya zo ba. Allah ya huci zuciyarka, ya tsare ku daga sharrin wuta, ya zaunar da gidanka lafiya.

Malam Nuraddeen