Ƙwan Ɗakin Hajiya Dije

Litinin, 12 ga Yuni, 1961

Ruwa tun asuba. Gidajen da na shiga yau duk ciwonsu ɗaya: fis ɗin wutar lantarki ya ƙone, maigida ya cusa ƙusa ko takardar taba mai ƙyalli a gurbinsa. Wani ma da Turancin buroka ya ce mini, "Oga Dogara, i de wok na." Yana aiki kam, kafin ranarsa ta zo.

Da la'asar wata mata ta zo rumfata ta gyaran lantarki a unguwar Mile 3. Ramlatu, 'yar Alhaji Jumare dillalin shanu na unguwar Borokiri. A nan Diyobu take aure. Mahaifiyarta, Hajiya Dije, ta rasu bayan Babbar Salla. Ta ce tun kwanakin makoki ƙwan lantarkin ɗakin marigayiyar yake ƙifta ido, musamman da magariba, kuma tsohon ya hana kowa taɓawa. Na ce wataƙila ƙwan ne ya kusa mutuwa. Na ji kunyar kalmar da na faɗa. Ta ce, "Malam Dogara, ka dai je ka gani. Kada ka ce ni na aiko ka."

Laraba, 14 ga Yuni

Na je. Dogon gida ne mai rufin kwano, ɗakuna a jere, silin ɗaya daga farko har ƙarshe. Ɗakin Alhaji da na Hajiya a gaba, 'yan haya a baya. Kogi yana kusa, ko'ina ƙarnin kifi.

Tsoho ne dogo, mai tsabta. Mun yi gaisuwa har na rasa abin tambaya. Ya sa aka kawo mini fura. Da na ambaci wuta sai ya ce, "Ɗana, babu abin da ya lalace a gidan nan. Ka gai da wadda ta aiko ka."

Ɗakin a kulle. Ban ga komai ba.

Asabar, 17 ga Yuni

Onica, sayen waya da makunnai. Na sauka wurin Gimba abokina. Bayan azahar ya ja ni bayan masallacin unguwar Hausawa ya nuna mini gidan da ya ƙone a watan jiya. Gidan wani tela ne da 'ya'yansa mata. Daga cikin silin wutar ta tashi, kafin su farga rufin ya faɗo. Keken ɗinkin yana nan tsaye a cikin toka. Na ga wayar tana lilo, robar ta narke ta bar jan ƙarfen tsirara.

Da ban je ba. Na kasa cin tuwon da matar Gimba ta yi.

Talata, 20 ga Yuni

Maigidan da ya koya mini aiki a Uwani, can Inugu, yakan ce idan mariƙin ƙwan lantarki ya fara cin wuta, warin ruɓaɓɓen kifi yake yi. A Inugu nan da nan za ka ji. A Borokiri wa zai bambance?

Alhamis, 22 ga Yuni

Na koma da hantsi, lokacin da na san Alhaji yana mayanka. Haulatu, matar wani mahauci da ke haya a ɗaki na uku, ta bar ni na hau ta ƙofar silin ɗinta. 'Ya'yanta ƙanana suna wasa a tabarma, suna kallon ƙafafuna.

Na rarrafa a kan katako da tocila a baki. Kashin ɓera, zafi, kwano yana ɗiga. Daidai saman ɗakin Hajiya na same shi. Wani ya fere wayar ya ɗaura wata ya ja ta tsakar gida, ya murɗa da hannu kawai, ko tef bai naɗa ba. Haulatu ta ce i, lokacin zaman makoki wani maƙwabci ya ƙara fitilu don masu ta'aziyya. An cire fitilun, an bar ƙullin. Ruwa na ɗiga a kansa. Ya yi tsanwa, katakon da ke ƙarƙashi ya yi baƙi.

Abin da ake kira ƙifta ido ke nan. Aikin da ba zai kai azahar ba, in an kashe babban makunni. Babban makunnin kuwa yana ɗakin Alhaji.

Ina saukowa na tarar da shi tsaye a ƙofar Haulatu. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ka dawo gobe da magariba."

Juma'a, 23 ga Yuni

Mun yi salla a tsakar gida, sannan Alhaji ya buɗe ɗakin Hajiya. Gadon ƙarfe a gyare, jeren kwanuka a bango, takalmanta a bakin gado, ƙamshin turaren wuta bai gama fita ba. Ya kunna wuta, ya zauna a kan buzu, ya nuna mini gefe.

Da farko ƙwan lafiya lau. Can ya dushe ya yi ja, ya dawo. Ya sake. Ya yi kamar zai tafi gaba ɗaya, ya dawo.

Alhaji ya ce, "Sannu da zuwa." Ba da ni yake ba.

Ya gaya wa Hajiya farashin shanu ya faɗi, jirgin ƙasa ya makara, jikanta ya fara haƙori. Yakan dakata, ƙwan ya ƙifta, ya gyaɗa kai ya ci gaba. Na san dalili. A wannan lokacin kowa a gidan yake kunna wuta, nauyi ya hau ƙullin, ya yi zafi ya saki. Na sani sarai. Amma na kasa ɗauke idona daga ƙwan.

Da ya kashe, ya ce, "Na yi karatu daidai gwargwado. Na san wanda ya tafi ba ya dawowa, kada ka ɗauka na zare. Daga Azare na taho da ita muna yara. Kullum war haka take kawo mini abinci, mu yi hira. Yanzu wannan ne kaɗai yake amsa mini a gidan nan."

Na gaya masa abin da na gani a sama, da gidan Onica, da 'ya'yan Haulatu. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Bar mini ita zuwa sadakar arba'in. Bayan nan ka yi abin da za ka yi."

Ya kamata in ce a'a. Na ce to, amma da sharaɗi: kullum ina nan lokacin da za a kunna, kuma bayan isha a kashe babban makunni, kowa ya koma aci-balbal. Ya yarda.

Litinin, 26 ga Yuni

Mijin Haulatu ya yi ƙorafin duhu. Ban gaya masa duka ba.

Alhamis, 29 ga Yuni

Kullum ina can. In rufe rumfa, in hau keke, in zauna a gefen buzu hancina a sama. Yau Alhaji ya tambayi Hajiya ko ta yafe masa shekarun da ya ƙi kai ta gida ganin 'yan'uwanta. Ƙwan ya tsaya cak, bai motsa ba. Tsohon ya jira. Ni ma na jira, har na kama kaina ina roƙo a zuci ya ƙifta. Da ya ƙifta muka sauke numfashi tare.

Me nake yi haka? Ni da aka kira gyara.

A ɗakina na kunna wuta na tsaya ina kallon nawa ƙwan kamar wawa.

Asabar, 1 ga Yuli

Aiki a gidan wani ɗan kasuwa, sa fanka. Na bar filaya a can, na sa makunni a juye. Ban taɓa yin haka ba. Duk inda na shiga warin nan nake ji, har a rigata.

Ramlatu ta biyo ta rumfa. Ta ce, "An ce kai ma ka shiga hirar."

Lahadi, 2 ga Yuli

Bari in rubuta.

An wuni ana ruwa. Da magariba muka zauna kamar kullum. Ƙwan yau ba ƙiftawa yake ba, rawa yake, da wata 'yar ƙara kamar ana soya abu a nesa. Alhaji ya yi murmushi ya ce yau tana da magana. Sai na ga tabo a silin, ruwan ƙasa, yana faɗi a kan idona. Ta bango na ji ƙaramar 'yar Haulatu tana tari.

Na ce, "Baba, zan kashe." Ya kama hannun rigata ya ce, "Dakata ta gama." Na fizge. Dattijon da ya haifi kamata, na fizge har ya dafa ƙasa. Na shiga ɗakinsa ba sallama na ja makunnin.

Duhu. A cikin duhun muka ga jan layi siriri a silin, yana numfashi. Mijin Haulatu ya kawo tsani da gatari, muka fasa allon, katakon yana ci a hankali ba harshe. Yashi muka zuba, sannan ruwa. Garwashi ya faɗo a kan gadon Hajiya ya huda zanen. Mata suna salati, yara suna kuka a cikin ruwan sama.

Ba wanda ya ƙone. Alhamdu lillahi. Ba wanda ya ƙone.

Da aka kawo fitila, Alhaji yana nan inda na bar shi, yana kakkaɓe toka daga takalmanta.

Litinin, 3 ga Yuli

Na yanke ruɓaɓɓen, na ja sabuwar waya tun daga fis har ɗaki na ƙarshe, na sa sabon mariƙi. Kafinta ya toshe silin, ya liƙe kwanon. Na kira Alhaji ya gwada. Ya danna. Haske fari tas, ko motsi babu.

Ya kalla ya kalla. Ya ce, "Aiki ya yi kyau. Allah ya yi albarka." Ya kashe, ya kulle ɗakin, ya sa mabuɗin a aljihu.

Na ba shi haƙuri a kan fizgewar. Ya ce, "Wace fizgewa?"

Juma'a, 7 ga Yuli

Sadakar arba'in. An yi waina da yawa. Na zauna can baya. Alhaji ya rame. Ramlatu ta ce ba ya cin abinci, ba ya zuwa mayanka, da magariba sai ya zauna a ƙofar ɗakin ya ba shi baya. Ta ce, "Da na sani..." Na ce mata da ba ta zo ba da yanzu wata sadakar ake yi. Gaskiya ce. Ban ji daɗin faɗarta ba.

Alhamis, 13 ga Yuli

Akwai abin da ban rubuta ba ranar Litinin ɗin can. Ina kan tsani ni kaɗai a ɗakin, babban makunni a kashe, fis ɗin ma yana aljihuna. Na miƙa hannu zan kwance tsohon ƙwan, sai na ga zaren cikinsa ya yi ja, ya mutu. Sau ɗaya.

Rana ce ta shigo ta hujin kwano. Ko idona, don ban yi barci ba. Ɗaya daga ciki ne.

Na dai ce, "Salamu alaikum, Hajiya, aiki zan yi," kafin in taɓa.

Litinin, 24 ga Yuli

Ina gyaran dutsen guga sai ga Alhaji a bakin rumfa da lema. Wai ya zo wurin Ramlatu ne ya biyo. Na ba shi benci. Ya zauna yana kallon masu lodin doya har la'asar. Can ya ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, waya ce kawai?"

Na ce waya ce, Baba.

Ya ce to. Ya ɗauki gwangwanin sukurorina ya fara ware manya da ƙanana.

Laraba, 9 ga Agusta

Kusan kullum yanzu Alhaji yana zuwa rumfa. Ya san sunan filaya da tef, yana yi wa masu kawo gyara faɗa a kan cusa ƙusa a fis, da Hausa, ko sun ji ko ba su ji ba. Yana ba ni labarin yadda suke koro shanu da ƙafa kafin jirgi. Wani lokaci yakan fara, "Hajiya takan ce," sai ya tsaya. Jiya bai tsaya ba, ya ƙarasa, har ya yi dariya.

Na sayi buzu da ƙaramar buta. Rumfa tana buƙata dama, saboda baƙi.

Juma'a, 18 ga Agusta

Bai zo ba jiya, bai zo ba yau. Ban gan shi a masallaci ba. Bayan la'asar na rufe rumfa, da aikin mutane a kan tebur, na ce bari in je in duba wayar nan, damina ce, ba a sani ba. Na taka keke kamar ana kora ta.

Mura ce kawai. Na same shi a tsakar gida da bargo, ƙaramar 'yar Haulatu tana wasa da carbinsa. Ya ce, "Ga shi nan, na ce muku zai zo." Ashe har an sa tuwo da ni.

Na kai bayan isha. Gobe zan kai masa citta da kanumfari.

Wayar lafiya lau, ina ji. Ban hau sama ba.