Inci Goma Sha Biyu

Abakpa, Asabar

Yaya Sambo,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya su Yaya Harira? Tunda ƙarar injin yanka katako ta cinye maka kunne, waya ba ta da amfani tsakaninmu, shi ya sa na ba Ɗanjuma direba wannan takarda.

Na sayar da babban injin juya katakona, na bar shago, na sayi ƙarami zan riƙa aiki a gida. To teburin da na ɗora shi a kai ya ƙi. Da na kunna sai ya kama rawa yana tafiya, jiya har ya kusa isa bakin rijiya. Muciya ɗaya ban iya gyarawa ba. Na gaji, Yaya. Ka haɗa mini mazauni mai nauyi wanda ba ya motsi. Tsayi kuwa ka san gwiwar hannuna, yadda muka saba.

Kada ka wahalar da kanka da zuwa, Ɗanjuma zai ɗauko.

Ƙaninka,
Isma'ila

Katabu, Laraba

Isma'ila,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, ban da baya da ya ƙi ni.

Na gama, amma ka sha ni. Katakon maɗacin nan da na ɓoye shekara tara don ƙofar ɗakina shi na fasa maka. Ƙafafu huɗu, kowace inci talatin da huɗu, na ɗan buɗe su waje don su kama ƙasa. Ban sa ƙusa ko ɗaya ba, huda na yi na zura na ɗaure da noti. A ƙasa akwai akwati, ka cika shi da yashi buhu biyu. In ya sake rawa, aljanu ne, ba aikina ba.

Kwana huɗu ina kai. Mun tsufa. Amma me ya sa ka bar shago? Kuma wata biyar ban ga ƙeyarka ba, ko a sunan jikata. Ranar Asabar za a ɗauko.

Yayanka,
Sambo

Abakpa, Alhamis

Baba Sambo,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Mama Harira. Ni ce Humaira, 'yar ƙaninka Isma'ila. Abba bai san na rubuto ba, ka yafe mini shiga maganar manya.

Ni na karanta masa wasiƙarka, da na zo kan tsayin ƙafafun sai ya juya fuska bango. Baba, Abba ba ya iya tsayuwa. Ciwon sugan nan ya ci ƙafarsa ta dama, an yanke ta daga gwiwa bayan ƙaramar salla. Ya hana kowa gaya maka, wai ka sha yi masa faɗan zuwa asibiti bai ji ba, ba zai iya haɗa ido da kai ba.

Cewa yake zai jingina da sanda ya yi aikin a tsaye. Ya gwada sau biyu, sau biyu ina ɗaga shi daga ƙasa, injin yana ta juyawa a kansa. Tsoro nake ji. Amma in aka raba shi da aikin nan, wallahi zama zai kashe shi kafin ciwon. Ban san yadda zan yi ba.

'Yarka,
Humaira

Katabu, Juma'a

Isma'ila,

Salamu alaikum. Na sa zarto na rage inci goma sha biyu a kowace ƙafa. Akwatin yashin na mayar da shi baya don gwiwarka ta samu wurin shiga. Guntayen huɗu ban yar ba, na yi maka kujera da su, daidai tsayin aikin.

Kada ka yi wa yarinyar faɗa. Ni ma ba zan yi maka ba, na gaji da faɗa.

Na ce wa Ɗanjuma ya bar mini gidan gaba. Gobe ni zan kawo, ni zan ɗaure injin da hannuna. Ka tanadi yashi.

Yayanka,
Sambo