Akwatin da Ba Ya Karɓar Uzuri

Gubuchi, ran Laraba.

Zuwa ga ɗana Zulkifilu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya Zariya? Uwarka na gaishe ka. Ni ma lafiyata ƙalau, in ban da ɓacin ran da ka dasa mini a kan rufi.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Yahya direba. Wayata ta kurumce, kuma aikinka ne. Kai ka kafa mana akwatunan nan gida-gida, ka ce kowanne zai riƙa miƙa wa maƙwabcinsa sabis, wanda ya miƙa a ƙara masa, wanda ya kashe nasa a yanke shi kwana bakwai. Ranar har da ni a masu tafi. Aji huɗu na yi a firamare, amma na gane gayya ce ka ɗura a roba.

To, ran Lahadi hadari ya haɗo da walƙiya. Na ce kayan ɗana ba zai ƙone ina kallo ba. Na hau tsani da wannan gwiwar tawa, na ciro shi, na naɗe a zanin uwarka, na sa a ƙarƙashin gado. Kwana biyu na manta da shi. Ashe gida shida na bayana duk ta kaina suke sha. Tukur, ɗaya daga cikinsu, ya sare rakensa yana jiran kiran mai mota, kira bai shigo ba, rake ya kwana biyu a ƙasa.

Na mayar da shi jiya, sai ya kunna mini jar fitila, kowa ya wuce ya gani. Ni Gambo, da ban taɓa fashin gayya ba, yau roba ce ke shelar ni marowaci ne. Tukur ko gaisuwata bai amsa ba, ga gayyar huɗar dawata ran Asabar. In ba su zo ba, sai dai ka zo da digirinka ka huɗe.

A gayyar gaske, wanda bai zo ba ana tambayar dalili. Naka ba ya tambaya.

Mahaifinka,
Gambo.

Gubuchi, ran Lahadi.

Zulkifilu,

Gaisuwa kaɗan, don ban huce ba.

Na bar shi a kunne yana miƙa wa mutane, ni ko layin sabis ɗaya ban samu ba. Jiya mutum goma sha ɗaya suka zo gayyar. Tukur ne ƙarshe, da garmarsa. Ya yi kunya uku ya zauna a inuwa, wai ya hango hadari, bari ya adana ƙarfinsa a ƙarƙashin gado. Aka yi ta dariya, na shanye. Daga nan ya tashi ya huɗe har azahar.

Wanda rakensa ya bushe ya yafe. Akwatinka da ko ɗigon ruwa bai taɓa ba ya ce sai Talata. Ka zo ka koya masa yafe kuskuren farko, ko in mayar da shi inda na ɗauko shi.

Mahaifinka,
Gambo.