Wa Zai Riƙe Hannun Tuhin?

Dhaka, Nuwamba

Zuwa ga yayata, Apa Shefali,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ki da Abba, da fatan sanyin bana bai matsa masa ba.

Apa, ɗan nan nawa Tuhin zai sa ni furfura. An kusa buɗe makaranta, amma in aka ba shi fensir sai ya dunƙule shi a tafin hannu kamar zai soki wani. Na yi lallashi, na yi faɗa, na sayo masa wata roba da ake sa wa fensir, ya tauna ta. Ubansa dariya kawai yake yi.

Kin san dai ba zai taka makaranta ba sai Abba ya riƙe hannunsa ya rubuta harafin farko, yadda ya yi mana da 'ya'yanki duka. Ni likita ta hana ni hawa mota sai na haihu, don haka mijina Moinul ne zai kawo shi. Yaya hannun Abba? Kin ce da sauƙi, amma na san ki da rufe zance.

Ƙanwarki,
Jhorna

Pabna, Nuwamba

Jhorna uwar gaggawa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya sauke ki lafiya.

Tunda kin ce ina rufe zance, bari in buɗe. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ƙafa ta dawo, baki ya dawo har ya fi na da, amma hannun dama ya ƙi. Mutumin da ya koya wa rabin garin nan rubutu, yau fensir zame masa yake yi. Da na karanta masa wasiƙarki sai ya juya fuska ga bango ya ce, "A kira liman ya riƙe masa. Ba zan gadar wa jikana hannu mai rawa ba." Na shiga kicin na sha kukana.

Shi kuma Tuhin, laifinku ne ke da mijinki. Kun saba wa yaro cin shinkafa da cokali kamar baƙon otal, yaushe yatsunsa za su yi wayo? Ki turo mini shi tun yanzu, kuma kada in ga cokali a jakarsa.

Yayarki,
Shefali

Pabna, Disamba

Jhorna,

Bayan gaisuwa, ɗanki ya iso kuma ya kama aiki. Da safe yana tsince tsakuwa daga shinkafa, da rana yana zare ƙayar kifinsa da kansa. Na ba shi guntun fensir wanda ba ya dunƙuluwa, na kuma sa masa ƙwallon tsamiya ya danne da ƙananan yatsu biyu, don ukun su yi aikinsu.

Da gangan na shimfiɗa masa tabarma a gaban gadon Abba, na koya masa riƙon a karkace. Abba ya daure, ya daure, ya kasa.

"Ke Shefali, wa ya koya miki wannan shirme? Babban yatsa da manuniya su tsunkula, na tsakiya ya tallafa daga ƙasa! Miƙo nan!"

Ya karɓa zai nuna, fensir ya faɗi. Sai Tuhin ya kwashe da dariya ya ce wa kakan nasa, "Lah! Nana, ashe kai ma ba ka iya ba! Ungo ƙwallona, zan ara maka."

"Ni za ka ara wa? Tun uwarka na rarrafe nake riƙe fensir!"

"To ɗauka mana mu gani."

Ya ɗauka, Jhorna. Yanzu kullum gasar tsintar shinkafa suke yi, wanda ya ci a ba shi mazarƙwailar dabino. Abba yana zamba, yana tura tsakuwarsa ɓangaren yaron don ya riga shi gamawa. Har yanzu dai bai ce zai riƙe hannun Tuhin ba, ni kuma ban kira liman ba.

Yayarki,
Shefali

Dhaka, Disamba

Apa,

Gaisuwa da godiya. Na yi dariya har maƙwabciyata ta leƙo ta ɗauka naƙuda ce. Amma ina tsoro. Ranar Juma'a dangi za su cika gida, in hannunsa ya ƙi a gabansu, ba zai sake taɓa fensir ba har abada. Don Allah kada ki tilasta shi. In ya ce liman, a bar shi da liman, ni zan haƙura.

Taki,
Jhorna

Pabna, Asabar

Zuwa ga 'yata Jhorna,

Bayan sallama da addu'ar samun sauƙi, ki yi haƙuri da munin rubutun nan, nawa ne.

Jiya an yi taro. Liman ya zo, na ce ya zauna ya sha shayi. Na ɗora hannuna a kan na Tuhin, sai ya kama rawa. Yaron bai ɗago kai ba. Ya kawo hannunsa na hagu ya danne nawa, ya ce a hankali, "Nana, kada ka ji tsoro, na riƙe ka."

Harafin ya fito a karkace. Da ɗalibina ne da na sa ya sake, amma wannan na hana a goge.

Ki gaya wa na cikinki ya yi sauri, ina nan ina jiransa.

Mahaifinki,
Abdus Sobhan